Ƙarƙashin Kwano a Yalwawa

Litinin, 1 ga Afrilu, 2002. Hantsi.

Na tsinci wannan littafin a ƙasan akwati. Ragowar wanda nake shirya darasi a ciki ne lokacin ina koyarwa a firamare a Ringim, kafin aure ya kawo ni unguwar Yalwawa a Dutse. Sauran shafukan nawa ne yanzu, tunda ba ni da wanda zan faɗa wa.

Yarinyar ta cika wata goma sha huɗu, ba ta tsayuwa. Ban ce tafiya ba, ko tsayuwa da kama bango. Rarrafen ma sai ta ja gindi kaɗan ta zauna tana haki. Ɗan Huseina maƙwabciyarmu, wanda ta girma da wata uku cur, jiya ya shigo nan da ƙafarsa ya kifar mini da kwaryar gero. Na yi dariya tare da kowa. Da suka fita na shiga ɗaki na rufe ƙofa.

'Yar fari ce. A gidanmu, haka ma a gidan su Malam maigidana, uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban manya, ba ta nuna ta damu da shi. Haka aka raine ni, kuma na iya abin har ana yabona. Inna, mahaifiyar Malam, ta baro Buji ta tare a wurinmu tun da na dawo daga wankan gida, kuma ita ce ke da yarinyar. Ita ke goyo, ita ke wanka. Ni sai lokacin nono ake miƙo mini ita, kaina a sunkuye. Ko a nan hannuna ya ƙi rubuta sunan.

Inna ta ce ƙiwuya ce irin ta ubanta, wai shi ma sai da aka gaji da jira. Allah ya sa haka ne.

Alhamis, 4 ga Afrilu. Bayan azahar.

Inna ta shiga wanka, na saci jiki na ɗaga yarinyar na tsayar da ita a kan ƙafarta. Ta ƙwalla wata irin ƙara da ba ta rigima ba ce. Ƙafafun sun buɗe a tsakiya, hannuna zai wuce ta tsakanin gwiwoyinta. Wuyan hannunta ya yi kauri kamar an ɗaura mata awarwaro a ƙarƙashin fata. Maɗigarta har yau a buɗe. In tana barci kanta yana jiƙa matashi sharkaf.

Inna ta fito da gudu da sabulu a kunne. Na ce ƙuda ne ya dame ta.

Asabar, 6 ga Afrilu. La'asar.

Anti Safiyatu, yayar Huseina da ke aikin jinya a asibiti, ta leƙo mu gaisa. Ta karɓi yarinyar tana yi mata wasa, amma na ga yatsunta ba wasa suke yi ba. Ta matsa wuyan hannun, ta shafa haƙarƙarin, ta daɗe a kan maɗigar. Sai ta ɗaga kai ta kalli sama, ta kalli rufin tsakar gidanmu.

Ta ce, "Inna, ku kawo ta ranar Talata likitan yara ya gan ta. Ba don wani abu ba."

Duk wanda ya ce ba don wani abu ba, don wani abu ne. Ina jin tsoro.

Talata, 9 ga Afrilu. Bayan azahar.

Mun je. Likitan dattijo ne mai gilashi, ba ya gaggawa. Ya tambaya wace ce uwar, Inna ta nuna ni da baki, sannan ta amsa duk tambayoyin da kanta. Ni ina bayan ƙofa a tsaye kamar wadda ta rako su.

Ya ce ƙashin yarinyar bai yi ƙwari ba. Akwai wani sinadari, bitamin D, wanda jiki ke haɗawa in rana ta taɓa fata, shi ke sa ƙashi ya kama abin da ke ƙarfafa shi. Ya sa ni na shafa haƙarƙarinta da hannuna, na ji 'yan ƙulle-ƙulle a jere kamar carbi. Ya ce in ba a kama abin yanzu ba, ƙafafun za su lanƙwashe su zauna haka, kuma akan samu abin da ya fi haka. Bai faɗi abin ba, ni ma ban tambaya ba.

Ya ce, "Tana shan rana?"

Inna ta tuntsire da dariya. "Likita, a Dutse? Ranar nan da ke dafa ƙwai a kan dutse?"

Bai yi dariya ba. Ni ya kalla ta saman gilashinsa. Na gyaɗa masa kai.

Ya ba mu 'yar kwalba ta ɗigo, a ɗiga mata kullum da safe, da wani gari na ƙarfin ƙashi da za a riƙa zubawa a koko. Ya ce a fitar da ita hantsi. Muka dawo tana goye a bayan Inna, cikin hijabi har ƙasa, yadda take fita kullum in ta fita.

Na gyaɗa masa kai. Allah ka yafe mini.

Laraba, 10 ga Afrilu. Safiya.

An fara ɗigon. Ta tofar da rabi. Maganar hantsi kuwa, a ina? Ba zan rubuta zancen kwanon rufin nan yau ba.

Asabar, 13 ga Afrilu. Hantsi.

Zawo ya kama ta tun jiya, sau shida. Inna ta ce ɗigon ne, dama ita hankalinta bai kwanta da duk abin da ake ɗiga wa yaro a baki ba, kowa ya san maganganun da ake yi a gari. Ta kwance bakin zaninta ta fito da kafso ɗin nan ja da yalo, ta fasa ɗaya a cokali ta dama da ruwa ta ɗura mata. Ba yau ta fara ba. Tun yarinyar ta fara haƙori, duk sanda cikinta ya motsa sai ta aika kemis ɗin bakin titi an kawo. Ina gani, ban taɓa cewa komai ba.

Sannan ta ɗauki kwalbar likita daga kan taga ta ƙulle ta a inda kafson ya fito.

Bakina ya buɗe, wallahi ya buɗe. Abin da ya fito shi ne, "Inna, a ɗora ruwan wankanta?"

Lahadi, 14 ga Afrilu. Bayan la'asar.

Na yi wa Malam magana a ɗaki, a hankali. Ya ce, "Ikilima, 'ya'ya bakwai Inna ta raina, ba wanda ya zama gurgu. Ke da ɗaya kike so ki koya mata?" Ya ɗauki hularsa ya tafi masallaci. Ba mugu ba ne. Tsoron uwarsa yake yi, ni kuma ina tsoron a ce ba ni da kunya, yarinyar kuma tana tsakiya.

To bari in rubuta.

Ni na sa aka rufe tsakar gidan nan da kwano. Ba Malam ba, ba Inna ba. Shekarar da aka ƙaddamar da shari'a, ina da ciki, Alhaji Maharazu ya gama benensa a bayanmu, taga ɗaya tana kallon tsakar gidanmu sak. A Islamiyya kullum karatun tsare al'aura ake yi, kowace mace tana so a ga ita ta fi kiyayewa. Na tasa Malam a gaba da kuka. Ya ce a ƙara tsawon katanga, na ce bene ne, katanga ba ta kai. Ya ce a yi rumfa a bakin murhu kawai, na ce in zan yi shanya fa? Kwana tara ban yi masa fara'a ba. A na goma kafinta ya zo, ya rufe daga bango zuwa bango, ya bar 'yar kafa a gefe don hayaƙi.

Mata suka riƙa zuwa kallo. Malamarmu ta kawo ni misali a aji, ni kuwa kaina ya kumbura. Tun daga ranar rana ba ta sauka a gidan nan ba. Ni ina kulle, ba na fita sai da dalili, kuma sai rana ta yi sanyi. A cikin inuwar nan na ƙarasa cikina, a cikinta na dawo da yarinyar.

Yanzu kwanon yana ƙara saboda zafi, ƙas, ƙas, muna zufa a ƙasa kamar an rufe tukunya. Rana tana nan a samanmu, taku ɗaya, tana ƙona kwano a banza.

Litinin, 15 ga Afrilu. Azahar.

Zawo sau takwas. Kafso biyu.

Talata, 16 ga Afrilu. Hantsi.

Bakinta ya yi fari fat a ciki, harshe da dasashi, kamar an shafa kindirmo. Ta kama nono ta saki, ta kama ta saki. Inna ta ce zafin haƙori ne. Amma na ga Inna ta daɗe a kan sallaya yau, ba ta kuma ci ɗumame ba.

Kwalbar tana nan a bakin zaninta, ina ganin ƙullin yana lilo in tana tafiya. Na yi tunanin in kwance in ta kwanta barcin rana. Na je har bakin tabarmar, na dawo.

Me nake tsoro? A ce matar Malam ta zubar da kunya a kan 'yar fari. A kai labari Buji, a kai Ringim, mahaifiyata ta ji. Na rubuta shi na karanta, na ga bai kai komai ba, amma ƙafata ta ƙi.

Laraba, 17 ga Afrilu. La'asar.

Yatsunta suna wani irin ƙanƙancewa, babban ya shige cikin tafin. Na buɗe, ya koma. Na buɗe, ya koma. Ina jin tsoro, ina jin tsoro.

Juma'a, 19 ga Afrilu. Hantsi. Asibiti.

Huseina ta kawo mini littafin tare da hijabina da takalmi. 

Jiya bayan azahar Malam yana ofis, Huseina ta shigo aron turmi. Yarinyar tana cinyar Inna. Sai na ji Inna ta ce innalillahi. Na juyo na ga yarinyar ta sandare, hannayen sun dunƙule, ido ya juye, wani irin numfashi yana fita kamar kukan zakara ƙarami. Inna ta ce tsuntsu ne ya shafe ta, a kawo garwashi a yi hayaƙi. Huseina ta nufi murhu da gudu.

Ban san lokacin da na isa wurin ba. Na sa hannu biyu na ɗauke ta daga cinyar Inna. Inna ta riƙe ƙafar, ta ce, "Ke 'yar nan, kanki ɗaya?" Na ce, "Inna, saki mini 'yata." A gaban Huseina na faɗa. Ta saki.

Na fita daga ni sai zani da riga da ɗankwali, ba takalmi. Rana ta dake ni a ido har na kasa ganin hanya. Mota ɗaya ce a layin, wani mutum yana buɗe ta zai shiga. Na tsaya a gabansa na ɗaga masa yarinyar. Ya ce shiga. Muna kan hanya yana ta salati, sai ya ce, "Baiwar Allah, daga wane gida kike?" Na ce gidan da ke bayan bene. Ya ce, "Benena? Au, ashe da mutane a wurin? Ni wallahi na zaci sito ne, kwano ko'ina."

Alhaji Maharazu ke nan. Ranar na fara ganin fuskarsa.

A bakin ɗakin gaggawa mai rubuta kati ya ce sunan yarinya. Na waiga, ba Inna, ba kowa. Na ce Ni'imatullahi. Bai ji ba, sai da na ɗaga murya har mutanen kan benci suka juyo. Ni'imatullahi Misbahu. Na haɗa da sunan uban ma, duka biyun da ban taɓa furtawa ba.

Sun yi mata allura a hankali ta jijiya, sun sa ruwa. Jikin ya saki kafin la'asar. Tana numfashi. Ina zaune ina kallon cikinta yana hawa yana sauka, ba na son in ƙifta.

Asabar, 20 ga Afrilu. Bayan azahar.

Likita ya zo zagaye. Kafin ya tambaya na faɗa masa komai, kwanon, kwalbar, kafson. Na ce ranar nan ƙarya na yi masa. Ya cire gilashi ya goge, ya ce dama ya sani, amsa ce kawai yake jira. Ya ce abin ƙarfin ƙashin ne ya yi ƙasa a jininta, zawon kuma ya ƙarasa kwashe ɗan abin da ya rage, shi ya kawo jijjigar.

Da ya wuce Anti Safiyatu ta zauna a bakin gadon. Na tambaye ta ko da gaske ɗigon ne ya kawo zawon.

Ta ce, "Ɗigo uku ba ya sa yaro zawo, Ikilima. Kin ga cikin yaro ba fanko ba ne. Akwai wasu 'yan mitsi-mitsin halittu a hanjinsa, ido ba ya gani, tun daga nonon uwa suke kama wuri. Su ke taya shi narka abinci, su ke tare wa miyagun hanya. Kafson nan kuwa ba ya tambaya, na kirki da na banza duka yake sharewa. Wata nawa ana ba ta?"

Na ce kamar bakwai.

Ta rufe ido. "Shi ya sa kika ga bakin ya yi fari. An kori masu gida, baƙi sun shigo. Ki ci gaba da ba ta nono, ko ta saki ki mayar. A hankali za su dawo. Kuma ke ma za ki sha naki bitamin ɗin, nonon da bai samu ba ba zai bayar ba."

Huseina ta ce tagar benen nan ta ɗakin ajiye buhuna ce, tana shiga gidan Alhajin yin kitso, ta sani. Tun da aka gina an kafe ta da ƙusa. Ta ce da na tambaye ta da ta faɗa mini. Ban tambayi kowa ba.

Lahadi, 21 ga Afrilu. La'asar.

Sau uku kawai yau. Ta kama nono ta daɗe.

Inna ta zo da Malam. Na durƙusa na gaishe ta, ina jiran abin da zai biyo baya. Ba ta kalle ni ba. Ta kwance bakin zani da haƙori, ta ajiye kwalbar a kan durowar gado, ta fito da ragowar kafson ta miƙa wa Anti Safiyatu ta ce a zubar. Ta zauna a ƙasa ta kama ƙafar Ni'ima tana murzawa.

Can ta ce, ba da ni take ba, ba kuma da kowa ba, "Ni nawa bakwai a gindin ɗorawa na raine su. In na tafi gona in shimfiɗa zani in ajiye, inuwa ta gusa rana ta same su, in dawo in gyara. Ban taɓa sanin magani nake ba su ba." Ta share ido da bakin mayafi. "Tun da na zo gidan nan ƙashina ke ciwo, na ce tsufa ne."

Na ce, "Inna, ni na sa aka yi rufin."

Ta ce, "Na sani. Ni kuma na ɗura mata abin nan. Tashi ki ba ta nono."

A gabanta na ba ta, kaina a ɗage. Malam yana tsaye yana kallon silin.

Laraba, 24 ga Afrilu. Hantsi.

Jiya da rana hannunta ya ɗan motsa cikin barci, na yi ihu har masu jinya suka taru. Ba komai ba ne, mafarki take. Na ji kunya amma ban ba da haƙuri ba.

Na tambayi likita ƙafafun. Ya ce a wannan shekarun sau da yawa suna miƙewa, in an dage da ɗigo da garin da hantsi, da kifi a daka da ƙayarsa a koko. Shekara ɗaya, wataƙila biyu. Na ce in ba su miƙe ba fa? Ya ce mu bari mu ga shekarar tukuna. Ban ji daɗin amsar ba.

Juma'a, 26 ga Afrilu. Bayan la'asar.

An sallame mu. Na ce wa Malam ba zan shiga gidan da ita ba sai an cire. Ya ce mutane za su yi magana, gidan da aka kawo misali a Islamiyya. Na ce su yi. Ya kalle ni kamar an canja masa mata a asibiti. Inna ce ta ce daga bayan mota, "Kai, nemo kafinta." Muna gidan Huseina, ina jin ƙarar ƙusa ana zarewa.

Asabar, 27 ga Afrilu. Hantsi.

Falle shida aka cire, na gabas. Tsakar gidan ya zama wani iri, duk dattin da ban taɓa gani ba ya fito, yanar gizo, tsagar siminti.

Bayan na ɗiga mata maganin na shimfiɗa tabarma a inda hasken ya sauka, na cire mata riga na zaunar da ita. Ta runtse ido ta fasa kuka, tana tura fuska cikin zanina, tana neman hanyar komawa ɗaki. Tsoron ranar take ji, ba ta san ta ba. Inna ta yunƙura za ta tashi, na ce, "Inna, a bar ta." Ta koma ta zauna. Na riƙe Ni'ima a wurin tana kuka, ni ma ina yi, ina tsoron kada kukan ya dawo da jijjigar.

Sai ta yi shiru. Wani abu ta gani a kan tabarma, baƙi, a gefenta. Ta ɗaga hannu, ya ɗaga. Ta kai masa duka, ta juyo ta kalle ni tana neman bayani. Wata goma sha biyar a duniya, yau ta fara ganin inuwarta.

Na kama ta ta hammata na ɗaga ta a hankali don ta gani sosai. Ta yi dariya. Ni ma na kalli tabarmar. Inuwar ma ƙafafunta a lanƙwashe suke.